Fayil ɗin Barau Masinja

Shekara talatin da biyar ina ɗauke da fayil a hammata,
daga ofishin ma'aji zuwa na sakatare,
taku arba'in da bakwai, na sha ƙirgawa,
in da damina hamsin, saboda kwatamin da ke tsakani.
Ban taɓa ɓatar da takardar kowa ba.
Yau tawa ce ta yi ƙafa.

Da asubar fari Nafi'u ya ɗaure ni a bayansa da rawanina
kamar buhun gero, kada in zame daga babur,
don ɓarin dama ya daina jin magana tun bara waccan.
Tabawa ta kwance 'yar akuyarta, muka sha mai da ita
daga Aujara har Dutse.

Tantancewa ce, in ji su. Ta huɗu ke nan.
Kowane sabon shugaban hukuma
da kwamitinsa yake zuwa, da fom ɗinsa,
da shakkarsa ko muna numfashi.
Na farko ya ce hoto.
Na biyu ya ce hoto ƙarya yake, a kawo wasiƙar dagaci.
Na uku an ɗauke shi bai gama sauya labulen ofis ba.

A gindin darbejiya muka yi sahu,
malaman firamare, duba-gari, direban tarakta,
da wani tsohon malamin dabbobi mai kiran kowa yaro.
Cindo na asibiti, da ya ba ni rabin goro a layin bara,
yau ɗansa na hango riƙe da ambulan ɗinsa
a ɗaya layin, na magada. Ya fi namu tsawo.

Azahar ta gota aka kira ni.
Mai kula da na'urar sa'ar jikata ce.
"Baba, ɗora babban yatsa."
Nafi'u ya ɗaga hannun kamar kayan aro, ya ɗora.
Ja.
Ta goge gilashin da bakin mayafinta. Ja.
Ƙotar fartanya ta cinye zanen, ciwo ya cinye saura.
"Baba, na'ura ba ta gan ka ba."
Na ce, ke fa, kin gan ni?
Ta sunkuyar da kai.

Ɗaki na shida aka tura mu.
Haladu ne a kujerar. Haladu!
Yaron da na koya wa huda takarda ya zura mata zare.
Ya sauko har ƙasa ya gaishe ni,
ya koma ya danna, ya sake dannawa, ya yi shiru.
"Baba Barau, a nan an rubuta ka rasu tun Maris."
Na ce, ayya, Allah ya jiƙan bawan Allah,
ko gaisuwar uku ba wanda ya zo mini.

Sai na tuna rediyo ta ce an kakkaɓe sunayen bogi,
an ceto miliyoyi, har da tafi.
Ashe da kuɗin maganina a cikin abin da aka ceto.
Amma ranar zaɓe har ƙofar zaure aka kawo mota,
mutum biyu suka tallabe ni,
wannan yatsan dai aka tsoma a tawada,
kuma ba wanda ya ce bai fito ba.

Haladu ya rako mu bakin ƙofa,
ya cusa mini dubu biyu a aljihu yana kallon gefe.
Ya ce in samo rantsuwar kotu cewa ni ne ni,
sannan fayil ya hau sama.
Na ce, wa zai ɗauka?
Taku nawa ne daga nan zuwa sama?

Bayan magariba muka iso.
Tabawa na tsaye da buta, ta ce, "An dace?"
Na ce, ai takaba ta hau kanki tun Maris, ba ki sani ba.
Ta yi dariya har ta dafa bango,
sannan ta juya wajen turken,
ta tsince igiyar, ta naɗe ta a hankali.